Daga Tunjere Zuwa Ƙanjamau: Tarihin Kororon Roba da Abin da Ba Mu Cika Faɗa Ba



Idan ka taɓa kai ziyara hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, na tabbata an ba ka labarin ribaɗin da ya kafa a wajejen 1830, da gwagwarmayarsa da Gobirawa, da rasuwarsa a garin a shekarar 1837. Abin da ba kasafai ake ba da labarinsa ba shi ne, bawan Allahn nan ya keɓe lokaci ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Ya yi rubutu a kan ciwon ido, ya kuma wallafa ɗan littafi musamman a kan basir da hanyoyin magance shi. Ka duba fa, basir, ciwon da har gobe magidanci kan yi shekaru yana fama da shi bai gaya wa ko matarsa ba. Shugaban daula guda, malami ɗan malami, bai ga wani abin ƙasƙanci ba wajen ɗaukar alƙalami ya yi bayanin ciwon da ke wurin da ake jin kunyar ambata. Da wannan hujja nake neman izininka in yi magana a fili yau, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zancenmu a kan kororon roba ne, da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, da kuma wani rukuni na maza da ake yi kamar babu su, alhali lafiyar matansu da 'ya'yansu tana rataye da tasu.

Waɗannan cututtuka ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Tunjere da ciwon sanyi tsofaffin sunaye ne a bakin Bahaushe, kakanninmu sun san su, sun kuma nemi maganinsu da sassaƙe da saiwoyi da rubutun sha. Tunjere kan fara da ɗan gyambo maras zafi a al'aura, ya warke da kansa, mai shi ya ɗauka ya rabu da shi, alhali ƙwayar ta shige jini tana jiran shekaru kafin ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa, ko ta riƙa kashe 'ya'ya a cikin mahaifa. Mata da yawa da aka riƙa cewa suna wabi, ko aka ɗora ɓarinsu a kan iska da maita, mai yiwuwa wannan ne ya cuce su. Shi kuwa ciwon sanyi, namiji kan gane shi da wuri saboda zafin fitsari da mugunya, amma a jikin mace sau da yawa shiru yake yi, ya hau ya toshe hanyar ƙwai, daga baya a ce juya ce, a yi mata kishiya ko a ba ta takardarta. Sunan ma kansa ya zama mayafi. Tunda an kira shi sanyi, sai aka riƙa jingina shi ga wanka da ruwan sanyi ko tsugunno a masai, maigida ya fita fes babu mai tambayarsa.

Hanyar da cuta ke bi ta shigo ƙauye ita ce hanyar da abinci ke bi. Tun zamanin Turawa, da an kawar da amfanin gona, samari da magidanta na Lardin Sakkwato kan ɗaura ƙunshinsu su tafi cin rani, wasu Kurmi, wasu Ikko, wasu har Gwanja. Yawansu ya kai har wani masanin ƙasa Bature mai suna Mansell Prothero ya yi nazarin ƙidayar da aka yi musu a kan hanyoyi da mashigai a ranin 1952 zuwa 1953. Wata biyar ko shida mutum yana nesa da iyalinsa, yana kwana a rumfar kasuwa ko zauren fatoma. Akasari sukan dawo da tufafi da goro da kuɗin haraji. Wasu sukan dawo da abin da ba su yi niyyar sayowa ba. Bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, noman rani ya ƙara ƙarfi, amma tafiya ba ta ragu ba, sai dai ta sake kama: yanzu albasa da tafarnuwa da shinkafa ake lodawa daga Goronyo da Wurno da Achida, direba da yaran mota da mai kaya su yi kwanaki a hanya kafin su sauke a Legas ko Anacha.

A 1943 likitoci a Amurka suka tabbatar da cewa fenisilin yana warkar da tunjere. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu maganin ya iso asibitoci da disfensarorin Arewa, mutane suka ga abin al'ajabi: ciwon da ya gagari boka shekara da shekaru, allura ta kawar da shi. Daga nan Bahaushe ya ba allura amanar da bai taɓa ba wani magani ba. Wannan alheri ya zo da illa biyu. Ta farko, masu allurar kasuwa suka yawaita, sirinji ɗaya a tsira wa mutum goma. Ta biyu, wadda ta fi zurfi, maza suka koyi cewa duk abin da aka kwaso a waje, kemis zai wanke shi kafin a koma gida. Shekara arba'in ana kan wannan fahimta, sai ga cutar da allura ba ta san ta ba.

Shi kansa kororon ya girmi duk wannan. A 1564 aka buga littafin wani likitan Italiya, Gabriele Falloppio, inda ya bayyana wani kube na ƙyallen lilin da aka jiƙa da magani, domin kare namiji daga tunjere, wanda a lokacin yake ɓarna a Turai. Daga baya aka riƙa yin sa da hanjin tumaki. Sai da Charles Goodyear ya gano yadda ake dafa roba ta yi ƙwari da taushi, ya yi rajistar fasahar a 1844, sannan aka fara yin na roba a shekarun 1850, mai kauri, ana wankewa a sake amfani da shi. Siririn da muka sani yau, na ruwan itacen roba, ya bayyana ne a shekarun 1920. Ka lura da wannan: a littafin likitan nan na Italiya, kariya daga cuta aka nufa da shi. Batun tazarar haihuwa, wanda shi ne ya jawo masa baƙin jini a wurinmu, wata fuska ce dabam.

Ranar 5 ga Yuni, 1981, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da wani gajeren rahoto a kan samari biyar a birnin Los Angeles, dukkansu maza masu saduwa da maza, da suka kamu da wani irin ciwon huhu wanda ba ya kama mai ƙarfin garkuwar jiki. Wannan ne bayani na farko a hukumance a kan cutar da muke kira ƙanjamau. A 1983 masana a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, cikinsu har da Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka gano ƙwayar da ke haddasa ta. A wannan shekara kuma, tun babu gwaji balle magani, wasu maza biyu daga cikin al'ummar da cutar ta fi yi wa ɓarna a New York, Richard Berkowitz da Michael Callen, tare da likitansu Joseph Sonnabend, suka buga wata 'yar ƙasida suna ba 'yan'uwansu shawarar amfani da kororo. Har lokacin, maza irinsu ba su ga dalilin amfani da shi ba, tunda babu fargabar ciki. Daga wannan ƙasida da makamantanta aka gina akasarin abin da malaman asibiti ke koya wa ma'aurata yau game da saduwa cikin kariya. Tarihi ke nan, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba.

Amma saboda a can aka fara ganin ta, sai duniya ta yi kuskuren ɗauka cewa cutar wasu mutane ce. A daidai wannan lokaci, a yankin Rakai na Uganda, maza da mata 'yan kasuwa da manoma suna ramewa suna mutuwa. A nahiyarmu, mafi yawan kamuwa tsakanin namiji da mace ne, sai kuma daga uwa zuwa jariri.

A Nijeriya an gano masu cutar na farko a 1985, aka ba da rahoto a 1986, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya. Mutane suka yi dariya, aka ce cutar Turawa ce, aka ce dabara ce ta hana mu haihuwa. Da gawa ta fara yawa, dariya ta koma tsoro, aka raɗa mata suna kabari kusa. A watan Agusta na 1997, Farfesa Olikoye ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi cewa ƙanjamau ne ya kashe ƙanensa, mawaƙi Fela. Gidaje nawa ne a ƙasar nan suka iya faɗin haka game da nasu? A wurinmu sai a ce taifot ne, ko tarin fuka, ko sammu, a binne mutum, matarsa ta gama takaba, bayan 'yan watanni wani ya aure ta babu wanda ya yi zancen gwaji. Binciken da ake yi a kan mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991. A 2001 ya kai kashi 5.8.

A wannan tsakani ne kororo ya fito daga ƙarƙashin kantar kemis ya shiga rediyo. Ƙungiyar Society for Family Health ta baza samfurin Gold Circle a farashin da talaka zai iya saye. A tsallaken iyaka, a Nijar, ƙungiyar Animas-Sutura ta fito da nata mai suna Foula, wato hula, da hoton malfa a jikin kwalin. Ka ji hikimar sunan: sutura, abin rufe asiri. Duk da haka an sha fama. Malamai da iyaye da yawa sun ga tallar a matsayin ba da lasisin zina, kuma ba za a ce damuwarsu ba ta da tushe ba, domin wasu tallace-tallacen an tsara su ne da kunnen Legas, ba a yi la'akari da zauren Rabah ba. Ga kuma rashin yarda da duk abin da ya fito daga waje, wanda gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ya ƙara wa wuta, har ya kai ga ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. A ganina, inda aka yi sake shi ne barin muhawarar ta tsaya a kan mazinaci kawai. Ba a yi zancen matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta, ko mijin da matarsa ta kamu ta hanyar ƙarin jini. Malaman fiƙihu da dama sun kwatanta amfani da kororo tsakanin ma'aurata da azalu, wanda hukuncinsa sananne ne a littattafai. A Senegal, malaman Musulunci sun yi babban taro a kan cutar a 1995, suka shigar da ita cikin wa'azi, suka yarda da kororo a cikin aure idan ɗaya yana ɗauke da ƙwayar, kuma ƙasar tana cikin waɗanda cutar ba ta yi wa yawa ba a Afirka.

Sauƙi ya fara zuwa a 1996, da aka gano cewa haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar. Gwamnatin Nijeriya ta fara nata shirin ba da magani a 2002, tallafin Amurka na PEPFAR ya biyo baya a 2004, a 2006 aka mayar da maganin kyauta. Masu da'awar warkarwa ba su rasa kasuwa ba, har shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya fito a 2007 ya ce yana warkar da cutar da ganyaye, ya sa marasa lafiya suka ajiye maganinsu. Har yau babu maganin da ake bayarwa a asibiti ko a kasuwa da ke fitar da ƙwayar daga jiki. Akwai dai mai danne ta, ƙwaya ɗaya a yini, mutum ya rayu ya tsufa ya ga jikokinsa.

A 2018 aka yi babban bincike gida-gida a faɗin ƙasar. Sakamakon ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49, kimanin mutum miliyan 1.9 baki ɗaya. Shiyyar Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci, kashi 0.6, yayin da Kudu maso Kudu take da 3.1. Akwai dalilai. Kaciya tana cikinsu, domin gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda, waɗanda aka buga sakamakonsu tsakanin 2005 da 2007, sun nuna tana rage wa namiji haɗarin ɗauka daga mace da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Tarbiyya da tsoron Allah ma sun taka rawa. To amma matsakaicin lissafi kamar gulbin Rima ne da rani: a wani wuri ruwan iya idon sawu, taku kaɗan gaba kuma gurbi ne da zai shanye raƙumi.

Ga gurbin. Tun 2007 gwamnatin tarayya take gudanar da wani bincike na musamman a kan rukunonin da suka fi fuskantar haɗari. A zagayen farko, wanda ya haɗa da Legas da Kano da Kuros Riba, an sami kashi 13.5 cikin ɗari na maza masu saduwa da maza suna ɗauke da ƙwayar. A 2010 ya zama kashi 17.2, a 2014 ya kai 22.9. Wato a shekarun da cutar take ja da baya a cikin jama'a, a wannan rukuni hawa take yi. Dalilin farko na halitta ne. Fatar cikin dubura siririya ce, ba ta da danshin kanta, tana saurin tsagewa. Ƙiyasin masana ya nuna cewa a cikin saduwa 10,000 ba tare da kariya ba da mai ɗauke da ƙwayar da ba ya shan magani, wanda aka sadu da shi ta dubura kan kamu sau 138, mace ta gaba kuwa sau 8. Wannan haɗari bai san jinsi ba, daidai yake ga macen da aka zo mata ta nan, kuma kaciya ba ta kare wanda aka zo wa. Dalili na biyu tsoro ne.

Matsayin addini a kan wannan aiki sananne ne, ba ni zan koya maka shi ba. Matsayin doka ma haka: jihar Sakkwato tana cikin jihohin da suka ɗabbaƙa shari'a daga shekarar 2000, sannan a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko tallafa musu. Abin da ya shafi wannan fili shi ne abin da ya biyo baya a ɗakin likita. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a 2015, ya gano cewa masu cewa suna tsoron zuwa asibiti a cikin waɗannan maza sun tashi daga kashi 25 cikin ɗari kafin dokar zuwa kashi 38 bayanta. Wanda ke tsoron asibiti ba ya gwaji, wanda bai yi gwaji ba ba ya shan magani, wanda ba ya shan magani kuwa shi ne ke yaɗa ƙwayar. Jama'a sukan nuna 'yan daudu da yatsa domin su ne ake gani, alhali ba kowane ɗan daudu ne ke wannan ba, kuma da yawan masu yi ba su da wata alama. Magidanta ne, da rawani ko hula, da mata ɗaya ko biyu, da 'ya'ya. Wasu kuma ba da son ransu abin ya same su ba, yara ne da babba ya ci zarafinsu, ko matasa da talauci ya kai su ga wanda ya fi ƙarfinsu.

Ƙasar Sin ta bi ta irin wannan hanya, kuma labarinta ya cancanci a saurara, domin ita ma al'umma ce mai kunya, mai ɗaukar aure da haihuwa a matsayin haƙƙin iyaye a kan ɗa. An ga mai cutar na farko a can a 1985, wani baƙo da ya rasu a Beijin, hukumomi suka ce cutar baƙi ce. A 1989 aka gano ta a jikin masu allurar ƙwaya 146 a lardin Yunnan. A tsakiyar shekarun 1990 ta shiga ƙauyukan lardin Henan ta hanyar cinikin jini, manoma talakawa suka kamu gida-gida, wata tsohuwar likitar mata, Gao Yaojie, ta sha matsin lamba saboda ta ƙi yin shiru. Duk wannan lokaci ba a waiwayi maza masu saduwa da maza ba, sai ɗaiɗaikun likitoci irin su Zhang Beichuan na birnin Qingdao, wanda a 1998 ya fara buga wata 'yar mujalla yana aika musu da bayanin kariya. A ƙarshen 2003 gwamnati ta sauya hanya, ta mayar da gwaji da magani kyauta ga talakawa, Firimiya Wen Jiabao ya je asibiti ya yi musabaha da marasa lafiya a gaban kyamara. Da aka zo aka yi bincike a birane 61 tsakanin 2008 da 2009, sai aka tarar kashi 4.9 cikin ɗari na waɗannan maza sun riga sun kamu. Kasonsu a cikin sababbin masu cutar da ake ganowa ya tashi daga kashi 2.5 a 2006 zuwa kusan kashi 26 a 2014. Da yawansu kuwa sun yi aure domin faranta wa iyaye, har Sinawa suna da suna na musamman da suke kiran matan irin waɗannan maza, tongqi. Abin da ma'aikatan lafiyarsu suka koma yi a ƙarshe ba wani abin mamaki ba ne: gwaji cikin sirri, kororo da man santsi a wurin da ake buƙata, da fara magani da zarar an gano mutum.

Yanzu dawo da hankalinka gida. A yankinmu aure yana da yawa, saki ma yana da yawa. Namiji ɗaya mai ɗauke da ƙwayar yana iya ba mata uku, ɗaya ta fita ta auri wani mai mata biyu, kafin shekara biyar gida huɗu sun shiga ciki, kuma babu wadda ta taɓa saɓa wa aurenta a cikinsu. Shi ya sa Hisbar Kano ta sa gwaji ya zama sharaɗi a auren zawarawa tun 2012, jihar kuma ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Ko da doka ko babu, waliyyi yana da ikon cewa ba zai ɗaura ba sai ya ga takarda, ta ango da ta amarya, bazawara ce ko budurwa, saurayi ne ko dattijo mai furfura. Sai dai ka sani, gwajin gaggawa na ɗigon jini yana iya kasa ganin ƙwayar da ta shiga jiki kwanan nan, har zuwa wata uku. Wanda ya san ya yi ganganci a 'yan makonnin nan, ya sake gwaji bayan wata uku, ya kuma yi amfani da kororo da iyalinsa kafin nan.

Kororo yana aiki idan an yi amfani da shi daidai, kowane lokaci, daga farko har ƙarshe. Tsakanin ma'auratan da ɗaya yake da ƙwayar, yin hakan a kai a kai yana rage kamuwa da kimanin kashi 80 cikin ɗari, yana kuma tare ciwon sanyi, ya rage haɗarin tunjere da ciwon hanta nau'in B. Abin da ke sa ya fashe sananne ne. Zafi yana cin roba, kuma ka san ranar Sakkwato a watan Afrilu. Wanda ya yi wata guda a aljihun wando, ko a akwatin gaban mota, ko a tiren mai talla a tsakar rana, ba abin dogaro ba ne. A duba ranar lalacewa a jikin leda, kada a yage ta da haƙori, a matse kan kororon iska ta fita kafin a warware shi, kada a haɗa biyu, kada a maimaita ɗaya. Babban kuskuren da ya fi yawa a wurinmu shi ne na mai. Basilin da man gyaɗa da man shanu da man kaɗe da man ja da man shafawa, duk suna raunana roba cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Man santsi mai tushen ruwa, wanda ake samu a kemis, shi ne ya dace, kuma inda babu danshi na halitta, rashinsa ne kan sa kororo ya yage.

Ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙwayar, akwai albishir da bai kai kunnen mutane da yawa ba. Wani babban bincike a Turai, wanda aka buga sakamakonsa na ƙarshe a 2019, ya bi ma'aurata maza da ɗayansu ke shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini. A cikin saduwa kusan 77,000 ba tare da kororo ba, ba a sami ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Irin wannan sakamako aka samu tsakanin maza da mata. Wato mijin da ke shan maganinsa kullum, awo ya tabbatar ƙwayar ta kwanta, ba ya ba matarsa, kuma suna iya haihuwa. Mai ciki da ba ta sami magani ba, haɗarin jaririnta yana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari. Da magani yana sauka ƙasa da kashi 5. Akwai kuma ƙwayar rigakafi da wanda ba shi da cutar zai riƙa sha idan yana cikin haɗari, kamar matar da mijinta bai daɗe da fara magani ba. Kuma dokar ƙasa ta 2014 ta haramta nuna wa mai wannan cuta bambanci a wurin aiki ko makaranta ko asibiti, ta kuma hana bayyana sirrinsa ba da izininsa ba. Ma'aikacin lafiya ba alƙali ba ne. Idan ka gaya masa ainihin yadda abin ya faru, da ta inda ya faru, shi ne zai san inda zai duba, domin ciwon sanyi yana iya zama a dubura ko maƙogwaro ba tare da wata alama ba. Wanda yake jin nauyin asibitin garinsu saboda kowa ya san kowa, yana iya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a cikin Sakkwato.

Akwai wani sabon babi a tarihin nan da babu wanda ya so a rubuta shi. Tun harin da aka kai Tabanni a watan Yulin 2018, wanda ya kora jama'a zuwa Gandi a ƙaramar hukumar Rabah, har zuwa kisan kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 da abin da ya biyo baya, dubban iyalai sun bar gidajensu. Mata da 'yan mata da ake sacewa, wani lokaci har da yara maza, sukan dawo da raunin da ba sa iya faɗa, dangi kuma su ga rufin asiri shi ne a yi shiru. Idan irin wannan ta sami wani naka, ka riƙe lamba ɗaya: awa 72. Akwai maganin da idan aka fara shi cikin kwana uku da faruwar abin, aka sha har kwana 28, yana hana ƙwayar kama jiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Haka yake ga wanda kororo ya fashe masa, ko ma'aikacin da allura ta soke shi. Idan kwana ukun sun wuce kafin a kuɓuta, har yanzu a je, domin akwai tunjere da ciwon sanyi da ciwon hanta da za a duba, akwai batun ciki, sannan a sa ranar gwajin ƙanjamau.

A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, abin ya girgiza shirye-shiryen cutar a Nijeriya, musamman na rigakafi da rabon kororo kyauta. Idan kana karɓar magani, kada ka jira sai kwalba ta ƙare, ka koma da sauran mako biyu a hannu. Idan tafiya ta kama ka, ta cin rani ko ta gudun hijira, ka ɗauki katinka tare da maganin, ka nemi takardar canjin asibiti, domin duk cibiyar da ka nuna wa katin za ta iya ci gaba da ba ka daga inda ka tsaya.